DA RUWAN CIKI A KAN JA NA RIJIYA: Lafiyar Mata Masu Aiki A Lokacin Bazara

'Yan'uwana mata na ƙasar Haɗeja, barkanku da war haka, sannunku da zafi. Ina gai da na cikin birni, da na Auyo, da Kafin Hausa, da Kirikasamma, da Guri, da Birniwa, da Malam Madori, da Kaugama, da dukan waɗanda ke zaune bakin kogi.

Maganarmu ta yau a kan bazara ce, watau daga watan Maris zuwa Mayu, har ruwa ya sauka. Da ke kuwa na ke, uwar gida, wadda ba ki da lokacin zama.

Bari in gaya miki yadda ki ke wuni, ki ji ko na yi kuskure. Kin tashi da asuba, kin hura wuta, kin dama koko, kin ba yara, kin kai wa maigida nasa. Kin ɗebo ruwa, kin yi shara. Kafin hantsi kin ɗora tukunyar shinkafa, ko kin zauna gaban bandar kifi, ko kina matsar man gyaɗa, ko kuwa kin tafi fadama shiƙa. Rana ta take, kin ɗora abincin rana. Kowa ya ci, kowa ya sha, har awaki kin ba su nasu. To, ke fa? Sai azahar ta wuce ki tuna ba ki sa kome a bakinki ba, sai kurɓi guda na koko da kika yi don ki ji ko ya yi. Da la'asar kanki na sarawa, idonki na ganin duhu, ki ce, "Ai zafi ne, kowa ma haka ya ke ji."

Da ɗari jiki ya kan jure wannan. Da bazara ba ya jurewa. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Abin da na zo faɗi ke nan: matar da ta ke ci da gida, tilas ta sa kanta cikin lissafin masu ci da masu sha.

ABIN DA ZAFI KE YI WA JIKI

Zafin jikin mai lafiya a ma'auni 37 ne. A nan ƙasarmu cikin watan Afrilu zafin rana ya kan wuce 40. Watau iskar da ke kewaye da ke ta fi jikinki zafi, ba ta iya sanyaya ki. Hanya ɗaya ta rage wa jiki, ita ce gumi. Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki ya yi sanyi. To, haka jikinki ya ke yi. Amma randar da ke tsattsafo kullum ba a ƙara mata, ƙarshenta ta ƙafe.

Rabin nauyin jikinki ko fiye duk ruwa ne. Mai aiki mai nauyi cikin rana, ko gaban wuta, ta kan zubad da gumi lita guda cikin awa ɗaya, watau ledar ruwa biyu irin wadda a ke sayarwa. In ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta shiga bugawa da sauri, kai ya yi ciwo, ƙafafu su riƙa ɗaurewa.

Kada a ce mun saba. A farkon Afrilu 1 zuwa 4 na 2024 an yi wani zafi a ƙasashen yamma da mu, har a garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya kai 48.5. Wani babban asibiti a Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗun nan kaɗai, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata, wata guda cur, 130 ne. Su ma mutanen rana ne kamarmu.

RUWA NAWA, KUMA YAUSHE?

Matar da ke zaune a inuwa tana bukatar kamar lita 2 a wuni. Wadda ke aiki a rana ko gaban murhu tana bukatar lita 3 ko 4, wani lokaci fiye. Ba a sha shi gaba ɗaya. Ki sha moɗa guda da kin tashi, kafin ki taɓa ashana. In kina cikin aiki mai sa gumi, ki sha kofi guda sau uku cikin ko wace awa. Kada ki jira ƙishirwa ta kira ki, don ita ƙishirwa makararriya ce, sai ruwa ya riga ya ragu ta kan zo. Ki aje gora ko buta mai murfi kusa da inda ki ke aiki, gama ruwan da ya ke can ƙuryar ɗaki ba za ki tashi dominsa ba.

Ga awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar likita. Ki dubi fitsarinki. In fari ne, ko kuwa ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya isa. In ya yi ja kamar shayi, ga shi kaɗan, ga wari, to, jikinki na kuka. In kin wuni tun safe har la'asar ba ki kewaya ba, wannan ba ƙarfin jiki ba ne, rashin ruwa ne.

Akwai wata magana da a ke jin nauyin faɗi, amma a wurin lafiya babu kunya. Mata da yawa da gangan su ke ƙin shan ruwa in za su fadama, ko kasuwa, ko tafiya a mota, don babu wurin kewayawa, ga maza ko'ina. Na san wannan gaskiya ce. Amma ƙin shan ruwa da riƙe fitsari su ne kan kawo zafin fitsari da ciwon mara, cutar kuwa ta kan haura har ƙoda. Zana biyu da rami guda a gefen gona sun isa su raba ku da wannan. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku nemi a kafa muku.

Wadda likita ya riga ya ƙayyade wa ruwa sabo da ciwon zuciya ko na ƙoda, ita ta bi abin da likitanta ya ce.

MAGANAR ƘODA

Ba sai na gaya wa mutumin Haɗeja labarin ciwon ƙoda ba. Daga nan har Gashuwa, bin kogin nan, cutar ta taɓa gidaje da yawa, likitoci kuma suna kan binciken dalilanta. Wanda ƙodarsa ta mutu sai wankin ƙoda da inji, sau biyu ko uku ko wane mako, ga wahala ga cin dukiya.

Ƙoda ita ce matatar jiki, da ruwa kuwa ta ke aiki. A ƙasar Nikaraguwa da maƙwabtanta, can Amurka ta Tsakiya, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda suna da sauran ƙuruciya. Da aka duba sai aka ga aiki mai nauyi cikin zafi, kullum kullum, ba isasshen ruwa, ba hutu, yana da babban hannu a ciki. Da aka kafa musu rumfa a bakin gona, aka kai ruwa kusa, aka sa su hutawa lokaci lokaci, sai raunin ƙoda ya ragu ƙwarai. Ruwa, inuwa, hutu. Babu mai tsada a cikinsu.

Sa'an nan ku yi hankali da ƙwayoyin ciwon jiki. Mace ta dawo a gajiye, ta aiki yaro wurin mai tallan magani a haɗo mata na gajiya. Cikin irin wannan haɗi sau da yawa akwai ibuprofen ko diclofenac. Waɗannan in sun tarad da jiki ba ruwa, ƙoda su ke yi wa lahani, su kan kuma ci ciki. Yawancin ciwon kan la'asar maganinsa moɗa biyu na ruwa da kwanciya a inuwa. In bai tafi ba, ki zo ɗakin shan magani a duba. Mai hawan jini da mai ciwon sukari su riƙa zuwa awo a kan kari, don cututtukan nan biyu su ne kan gaba wajen kashe ƙoda.

WANE RUWA?

Ba ko wane ruwa ne abin sha ba. Da bazara kududdufai sun janye, dabbobi da mutane duk wuri ɗaya su ke sha. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ya fi. In na kogi ne ko na buɗaɗɗiyar rijiya, a tace, a tafasa. Ba sai kin hura wuta ta dabam ba: da kin sauke tuwon dare ki ɗora shi, ya kwana a randa, da safe ya yi sanyi. Randa ta kasance da murfi, da moɗa mai dogon hannu wadda ba a ajewa ƙasa.

Kada ku ce wahalar banza ce. Iyayenmu sun sha fama da kurkunu, ya kan kwantad da rabin ƙauye da damina. Da tace ruwa da gyaran wurin ɗiba aka kore shi. Tun 2008 ba a sake samunsa a Nijeriya ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

Amma tsargiya tana nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa na zama a hanyoyinsa har da rani, kacalla ta cika wurare, ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya kuwa irin wurin da su ke so ke nan. Tsutsar ba a ganinta da ido, ta fata ta ke shiga sa'ad da ki ke wanki, ko wanka, ko kin shiga don ki ji sanyi. A kan ɗauka cutar yara maza ce. A'a. Ga mace ta kan kawo jini a fitsari, da ciwon mara, da ƙaiƙayi, da ƙarancin jini, har ta kan hana haihuwa. Ki ɗebi ruwan ki fito da shi. In ya kwana biyu a aje, tsutsar ta mutu, ya yi kyau don wanka da wanki. Maganinta kuwa akwai shi, sunansa praziquantel.

ABINCI

Zafi na kashe marmarin abinci, sai mace ta wuni a kan ruwan sanyi da goro. Aikin kuwa bai ragu ba. Dabara ita ce ki ci da safe sosai, tun da sauran sanyi, tun ciki na karɓa. Koko da ƙosai, ko ɗumame, ko ɗanwake, ki zauna ki ci naki lokacin da yara ke cin nasu. Da rana ki ci marar nauyi, mai ruwa-ruwa: fura da nono, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fate, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Waɗannan abinci ne kuma abin sha ne, suna mayar da ruwa da ɗan gishirin da gumi ya fitar. Kakanninmu da suka riƙi fura da rana sun san abin da su ke yi. Nono dai a tabbata an tafasa madarar kafin ta kwana, don ɗanyar madara na ɗauke da cuta daga saniya.

Babban abin da ke cin matanmu a ɓoye shi ne ƙarancin jini. Ƙidayar lafiya ta ƙasa da aka yi a 2018 ta nuna cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, 58 jininsu bai isa ba. Alamunsa su ne kasala, da haki in an yi 'yar tafiya, da jiri, da farin tafin hannu da na cikin ido. Mai ƙarancin jini ita zafi ya kan fara kayarwa.

Allah kuwa ya hore wa ƙasar nan maganinsa. Ga kifi: tarwaɗa, da karfasa, da kawara. Motoci na ɗibarsa daga kasuwar Haɗeja zuwa garuruwa masu nisa, amma matar da ta wuni gaban banda sau da yawa kai da ƙaya ne rabonta. Ki cire na gida kafin ki cire na kasuwa. Ƙananan kifi da a ke dakawa da ƙayarsu a zuba a miya suna ƙarfafa ƙashi, ga araha. Ga wake, ga gero, ga riɗi, ga gyaɗa. Ga zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo, da kuka. Hanta ko sau ɗaya a mako tana ƙara jini ƙwarai, ƙwai kuma ba ya hana mace kome, ko tana da ciki.

Ga dabara biyu. Abu mai ɗan tsami ɗanye, kamar lemon tsami, da tumatir, da mangwaro, da garin 'ya'yan kuka da a ke zubawa a nono, yana taimakon jiki ya tsotsi abin da ke ƙara jini daga wake da ganye. Shayi kuwa hanawa ya ke yi. Sabo da haka kada ki kora abinci da shayi, ki bari a yi awa guda tsakani.

Bazara lokacin mangwaro ce da kankana. Kankana kusan dukanta ruwa ce. Ki saye ta ɗungum ki yanka a gida, ta fi wadda aka yanka ta wuni a faranti ƙuda na bi. Mangwaro a wanke kafin a sha.

GISHIRI, DA KANWA, DA SUKARI

Gishirin da babban mutum ke bukata a wuni bai kai ƙaramin cokalin shayi guda ba, har da na cikin dunƙulen miya na kanti, gama shi ma yawancinsa gishiri ne. Mai aikin gumi abin da ke cikin miya da tuwo ya ishe ta. Daddawa da busasshen kifi da albasa su kan ba miya daɗi ba tare da an cika dunƙule ba. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, a sa kaɗan.

Lemon kwalba guda akwai sukari cikinsa cokali takwas ko tara. Sanyinsa na minti biyar ne, ƙishirwa ta dawo. Zoɓo da kunun zaƙi da ki ke yi da hannunki sun fi, in ba ki cika musu sukari ba, in kuma da ruwa mai tsabta aka yi.

AJIYAR ABINCI

Da zafi dafaffen abinci ba ya jimawa. In ya wuce awa biyu a buɗe, ƙwayoyin cuta sun fara yawa cikinsa, tun ba shinkafa da wake da miyar kifi ba. Ki dafa daidai ci. Ɗumame kuwa ya tafasa har cikinsa, ba a nuna masa wuta a sauke ba.

Don ɗanyen kaya akwai dabarar da wani malamin makaranta a jihar nan tamu ta Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, ya yaɗa cikin ƙauyuka, har aka ba shi lambar girma ta Rolex a shekarar 2000. A sami tukunyar ƙasa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa inda iska ke bi. A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai da ganye duk su kan daɗe. Busasshen zafi irin na Maris da Afrilu shi ne ma lokacin da ta fi aiki. Ba wutar lantarki, ba kuɗin ƙanƙara.

AIKI DA MOTSA JIKI

A nan mata iri biyu ne, maganarsu kuwa ba ɗaya ba ce.

Ta farko ita ce mai daka, mai ɗaukar ruwa, mai zuwa fadama. Ke ba ki bukatar a ce ki motsa jiki, hutu ki ke bukata. Ki juya aikinki: mai nauyi da na gaban wuta, kamar turara shinkafa da suya da banda, a yi tun daga asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Daga sha biyun rana zuwa ƙarfe huɗu a yi na zaune a inuwa, kamar tsintar shinkafa da saƙar tabarma. In tilas ne a yi a rana, ko wace awa ki sami minti goma ko sha biyar a gindin itace, ki sha ruwa. Sannu ba ta hana zuwa. Murhu a fito da shi inda iska ke wucewa, kada a dafa cikin ɗakin kwano a rufe. Tufa ta zama ta auduga, sakakkiya, mai haske. Baƙin hijabi mai santsi irin na roba tanda ne. Malfa ba ta maza kaɗai ba ce. In za ki ɗauki kaya, ki durƙusa ki tashi da ƙarfin ƙafa, kada ki sunkuya da baya, tulu biyu ƙanana kuma sun fi babba guda.

Ta biyu ita ce wadda aikinta na zaune ne: mai keken ɗinki, mai ɗinkin hula, mai jiran kanti, ma'aikaciyar ofis, da wadda ba ta fita, inji ya karɓe mata daka da niƙa. Ke kuma zama ne ke cinki. Shi ke kawo ƙiba, da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 a mako yana motsi irin wanda zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Watau minti 30, kwana biyar. Ba sai kin fita ba, ba sai kin sayi kome ba. Bayan sallar asuba ki zaga tsakar gida da sauri, ke da abokiyar zamanki ko 'yarki. In talatin ba ta samu a haɗe ba, ki yi goma da safe, goma da yamma, goma bayan isha'i. In kina kan keke, ko wace awa ki miƙe ki taka. Da tsakar rana dai kada a yi.

MAI CIKI DA MAI JEGO

Mai ciki zafi ya fi yi mata illa, gama jiki biyu ta ke sanyayawa. A ƙasar Gambiya an bi mata 92 masu ciki da ke noma, aka buga sakamakon a 2022: in uwa ta sha zafi a gona, bugun zuciyar ɗan da ke cikinta ya kan hau, alamar shi ma yana wahala. Zafi mai tsanani na iya jawo haihuwa kafin lokaci. Mai ciki ta bar aikin tsakar rana, ta riƙa zuwa awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini da a ke ba ta kullum. In ƙafa da fuska sun kumbura, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, kada a ce zafi ne, a kai ta asibiti ran nan.

Mai jego kuma, iyayenmu mata, ku sassauta. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna rama da rashin abinci mai kyau su ma suna da hannu. Duka biyu gyaransu ɗaya ne: ruwan wanka mai ɗumi, kanwa kaɗan, abinci mai kyau da yawa. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ƙafa ta kumbura, asibiti za a kai ta.

Mai shayarwa ta ƙara ledar ruwa ɗaya da rabi bisa abin da na faɗa. Jariri kuwa har ya cika wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara, gama nono kusan kashi tara cikin goma ruwa ne. Uwa za ta sha ruwan, shi kuwa a ƙara ba shi mama.

Wajen azumi, daga 2021 zuwa 2024 ya faɗo tsakiyar bazara, ko wace shekara kuma yana matsowa baya da kamar kwana 11. Duk sa'ad da ki ke azumi da zafi, ki rarraba shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur, kada ki bar sahur. Mai ciki da mai shayarwa da marar lafiya addini ya yi musu sauƙi, ku tambayi malamai. Mai ramuwa kuma ta nemi kwanakin ɗari.

ALAMUN HAƊARI

In mace ta jiƙe da gumi, ga jiri, ga tashin zuciya, ga kasala, a kai ta inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafunta, a sassauta tufa, a ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan. Na ƙunshi da a ke bayarwa a ɗakin shan magani ya fi. In babu, ga yadda a ke haɗawa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishiri ya wuce haka. Shi ne kuma na mai gudawa.

In kuwa jiki ya yi zafi jau, ta rikice, tana sambatu, ko ta suma, wannan rai ne a hannun Allah, minti ma yana da daraja. Ba iska ba ce, kada a tsaya hayaƙi. A jiƙa ta da ruwa sharkaf, a yi ta fifita, a nemi mota ana yi ana tafiya. Kada a ɗura wa wadda ta suma kome a baki.

Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya kuwa, sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Lokacinsa ke nan. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. A 2024 Nijeriya ce ta fara yin sabuwar allurar da ke kare iri biyar na cutar, Jigawa kuwa na cikin jihohin farko. In masu allura sun zo, ku fito da yara. A rage cunkoso a ɗaki, a buɗe taga, wanda zai kwana waje ya shiga gidan sauro.

GA MASU GIDA

Malam, na san kana ji. Kai ne ka kan kafa wa doki rumfa, ka kan kai shanu mashaya kafin rana ta take. Uwar 'ya'yanka ta fi su. Ka kafa mata rumfa bisa murhu. Yara maza su ɗebo ruwa da itace. In an kawo maka akushi, ka tambaya ko ta ci, kada tsokar kifi duka ta ƙare a zaure. Ran da ta kwanta, kai ka san gidan duka ya kwanta, kuɗin mota da na magani kuwa sun fi kuɗin zana da kankana nesa ba kusa ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da za ku riƙe. Ki sha tun ba ki ji ƙishirwa ba. Ki ci da safe tare da yara. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya. Mai yawan zama ta tashi ta taka. Ki dubi fitsarinki, ki bar ƙwayar mai talla. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabtanta takardan nan, abin da ya shige muku duhu kuma ku tambayi malamin asibiti ko ungozoma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu mai albarka. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.